Farar Ƙasar Ngo Mariamu

Kachollom ce mace ta farko da na taɓa gani tana ɗanɗana ƙasa a wurin aiki, mai digiri uku kuma yana tsaye a gefe yana jiran hukuncinta. Ni sunana Sadiya, haifaffiyar Agege, mai buga tafireta a sashen ilmin sinadarai na wata jami'a a nan Ikko. Gida ɗaya muke haya da ita a bayan layin dogo, ƙofarta na kallon tawa, kuma tare muke kokawar shiga danfo, ƙaramar motar haya, kowace safiya. Abin da zan faɗa a kanta ba zai wanke ni ba, na san da haka.

Birom ce, daga wani ƙaramin ƙauye a bayan Barikin Ladi. Uwarta, Ngo Mariamu, maginiyar tukwane ce, tana da ramin farar ƙasa da ta gada a wajen tata uwar, kuma Kachollom ce kaɗai ɗiyar da ta rayu mata. Da yarinyar ta girma sai ta ƙyalla ido a kan wani soja, Kofur Longji. Tsohuwa ta ce atafau ba za ta ba da ɗiyarta ga mutumin da ake sawa a mota a kai shi inda ba wanda ya sani ba. Kachollom ta ɗaure kayanta. Ranar da za ta fita, uwar ta tsaya a bakin ɗaki ta ce mata idan ta fita ta wannan ƙofar, kada ta sake shigowa ta cikinta. Wannan maganar ni kaɗai ta taɓa faɗa wa, wata Lahadi ina yi mata kitso, kuma ta faɗe ta ne tana kallon ƙasa.

Longji ya kawo ta bariki a Ikeja. A 1998 aka kai su Saliyo, bai dawo ba, aka ba ta wa'adi ta kwashe kayanta. Gida kuwa ba ta koma ba, don taurin kanta da na uwarta duk abu guda ne. Haka ta faɗo gidanmu, ni kuma na yi mata hanya aka ɗauke ta shara da wanke kwalabe a sashenmu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, wani malaminmu, Dokta Wilson, mutumin wajen Kafanchan, ya dawo daga Turai da fatan ƙasa ta gyaru. Ya zo da wata tsohuwar na'ura da aka ba shi kyauta a can, mai girman firij, wadda sai da ƙarti takwas suka hau da ita bene. A cikinta akwai katafaren maganaɗisu. Duk mai shiga ɗakin sai ya ajiye agogo da makullai a cikin wani kwano a bakin ƙofa. Ni da ke buga takardunsa na fi shekara kafin na gane abin da yake nema, Kachollom ce ma ta fahimtar da ni a cikin danfo, da Hausarta ta Filato wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Roba ɗin nan da kike gani," in ji ta, "zare ne dogo-dogo, ido ba ya gani, kuma ba ya zama shiru, yana ta motsi. In ka sa mishi ƙasa mai laushi sosai, zaren da ya taɓa ƙasa zai rage motsi, roba zai yi ƙarfi. Injin yana buga mishi kira, yana jin yadda zai amsa. In amsa ya daɗe, zare yana yawo. In ya mutu da wuri, an kama shi. Shi ke nan aikin oga."

Dokta da kansa, a shafi ashirin, bai faɗe shi da kyau haka ba.

Matsalarsa ita ce ƙasa. Wadda ya zo da ita ta ƙare, wadda ake samu a kasuwa kuma cike take da ƙarfen da ido ba ya gani, shi kuwa ƙarfe kashe amsar yake yi nan take, ko zaren na motsi ko ba ya yi, sai awon ya zama shirme. Wata rana Kachollom na goge teburi ta tarar da shi ya dafe kai a gaban wani kwano. Ta lakaci ƙasar ta goga a haƙoranta na gaba, ta tofar a tsumma, ta ce, "Oga, wannan ba kyau. Na mamana ya fi shi."

Shigowar yayana Shitu cikin maganar ke nan. Direban tirela ne, yana ɗauko shanu daga Fataskum ya biyo ta Jos ya sauke su a mayankar Oko-Oba. Ni na roƙe shi ya ratse ƙauyen, ya yi ta mita cewa ba a ɗauke shi aikin dakon ƙasa ba, amma ya je. Tsohuwa ta saurare shi har ya gama, ba ta ce uffan ba, ta ɗauki magirbi ta nufi rami. Ta cika masa buhu, ta ɗinke bakinsa da kanta, ta ba shi ruwa ya sha. Ya tambaye ta ko akwai saƙo. Ta ce babu.

Ƙasar ta yi kyau fiye da yadda Dokta ya zata, kusan ba ƙarfe a cikinta. Daga nan Kachollom ta ajiye tsintsiya. Ita ke jiƙa ƙasar, ta dama, ta bar yashi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama-sama, ta sake, har sau bakwai, sannan ta shanya ta niƙa ta tankaɗe. Aikin buhu ɗaya yakan ci mata wata uku zuwa huɗu kafin a kai ga cuɗa shi da roba a zuba a siririyar kwalbar da ake zura wa na'ura. Ɗalibai masu ji da kansu sukan ce mata Farfesan Laka, ta yi musu banza. Shekara biyu ana haka. Duk wata huɗu ko biyar buhu ya zo, ita kuma ta aika da gishiri da sabulu da maganin ciwon gwiwa. Shitu shi ne gidan wayarta, don ba ta shiga taron 'yan garinsu, tana ganin gulmarta suke yi. Duk zuwan buhu sai ta tambaye shi, "Mama ya ce wani abu?" Shi kuma ya girgiza kai. Takan shafa ɗinkin bakin buhun, ta ce ai tunda Mama yana iya shiga rami, lafiyarsa ƙalau.

A watan Satumba na 2001 Jos ta kama da wuta. Mu a Agege muna jin rediyo muna kallon juna, gidanmu kuwa rabi masallaci rabi coci, kowa na tauna maganarsa kafin ya furta. Kachollom ta daina cin abinci sosai. Ƙauyensu ba waya, ba ta da wanda za ta tambaya, sai jiran Shitu.

Ya dawo a tsakiyar Oktoba. Bai zo gidanmu ba, ya aiko aka kira ni Oko-Oba, na same shi zaune a kan tayar mota da hula a hannu. Ya ce ya isa ƙauyen ya tarar da gidan a rufe. Wata maƙwabciya ta gaya masa cewa ranar Asabar ɗin da abin ya bazu, Ngo Mariamu ta kai tukwane kasuwa wajen Bukuru, aka tare motarsu a hanya. An gane ta ne da zanen da ke jikinta, an kuma binne ta tare da wasu. Matar tana ba shi labari tana kallon gemunsa, samari kuma sun fara taruwa, don haka ya ja motarsa. A bakin titi ya sayi buhun farar ƙasa a wajen masu loda wa kamfanonin fenti, shi kansa bai san dalilin da ya sa ya saya ba.

"Ke za ki gaya mata," ya ce. "Ni bakina ba zai iya ba."

Na ce a bari tukuna. Dalilan da na ba shi masu kyau ne: jininta yana hawa, gari ba lafiya, a jira Kirsimeti ta wuce. Dalilin gaskiya kuwa shi ne tsoro nake ji. Waɗanda suka tare motar, da irin sunayenmu suke amsawa. Na kasa tunanin yadda zan tsaya a tsakar gida in faɗa mata, sannan gobe in ɗauki buta in wuce ta gaban ƙofarta. Son kaina ne, ba tausayinta ba, kuma ko a lokacin na san haka.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma na san tana ɗanɗanawa za ta gane, don haka na ce wa Shitu ya haɗa buhun da saƙo, na kuma tsara masa kalmomin da zai faɗa. Ya kalle ni ya ce, "Sadiya, ki ji tsoron Allah." Na ce masa ai rai za mu ceta. Na fi shi baki tun muna yara.

Washegari da hantsi ya kawo buhun sashenmu. Kachollom ta fito da gudu ba takalmi. Ya ce tsohuwa na nan lafiya, rikicin bai kai ƙauyensu ba. Ta durƙusa a kan siminti ta yi godiya ga Allah. Sannan, kamar kullum, ta tambaya ko Mama ya ce wani abu.

"Ta ce a gaya miki ƙofar nan a buɗe take," in ji Shitu, idonsa a kan takalminsa. "Ki zo da Ista."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ba ta yi kuka ba, dariya ta yi, ta rufe baki da gefen zane, ta sa shi ya maimaita har sau uku. Da ya tafi ta kwance buhun. Na ga yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin, don da igiyar leda aka yi shi, tsohuwa kuwa da rama take yi. Ta lakaci ƙasar ta goga a haƙori.

"Ya yi wani iri," ta ce.

Na ce ai damina ce ta wuce, ruwa ya shiga ramin. Maganar banza ce, wadda ko ɗalibin aji ɗaya ba zai yarda da ita ba, balle matar da aka yaye a bakin ramin nan. Amma ta gyaɗa kai ta ce haka ne, ta ɗauki bokiti.

Wata huɗu ta yi tana shirin tafiya. Ta sayi atamfa biyu iri ɗaya, tata da ta uwarta, ta kai wa tela. Ta yi ƙiba. Ta koma rera waƙoƙin coci a wajen wanki, ta dame ni da tambayar ko motar tashar Iddo ta fi ko ta bi Shitu. Ni kuwa duk dafa abincin da ta yi ta miƙo mini, karɓa nake yi in ci ba tare da na kalli idonta ba. Na sa ranar faɗa mata ta fi sau goma. Kirsimeti ta wuce na ce sai sabuwar shekara. A ƙarshen Janairu bama-baman barikin Ikeja suka tashi, gari ya ruɗe, gilasan tagogi suka zube, na ce ai yanzu ba lokaci ba ne. Mai neman uzuri a Ikko ba ya rasawa.

A cikin Fabrairu sabuwar ƙasar ta kai ga na'ura. Ranar wata Talata ce, an samu man janareta, na kawo wa Dokta shafukan da na buga, na ajiye makullaina a kwano na shiga. Kachollom ce ta zura kwalbar da hannunta. A fuskar kwamfuta akwai wani koren layi da kan fara daga sama ya gangaro a hankali, har ni na saba da shi. Ran nan sai ya faɗo tsaye, kafin ƙiftawar ido ya kwanta.

Dokta ya tsuke baki. Ya ce wataƙila wuta ce ta yi rawa. Ya sake, haka. Ya ciro kwalbar ya sa wata tsohuwa ta bara, layin ya gangaro a hankali yadda ya saba. Ya mai da sabuwar, ya faɗo. Robar iri ɗaya ce, awon ƙasar ɗaya, zafin ɗaya, hannun da ya yi aikin ma ɗaya. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Madam Kachollom, ƙarfe ne. Wannan ƙasar ba daga wurin da muka saba ta fito ba. Ko Mama ta canja rami?"

"Mama ba ya canja rami, oga. Shekara arba'in."

"To wani ya haƙo mata a wani wurin."

"Ba ya barin kowa ya haƙa mishi." Ta matso kusa da kwamfutar. "Oga, injin nan yana iya yin kuskure, abi?"

Dokta mutumin kirki ne, amma tunaninsa na kan aikin wata huɗu da ya lalace, bai ji abin da ke ƙarƙashin tambayar ba. Ya ce in sau ɗaya ne yana yiwuwa, amma sau uku a jere, da tsohuwar kwalba a tsakani, babu kuskure. Har ya ɗauko biro ya fara zana mata yadda ƙarfen ke kashe amsa. Ta tsaya ta saurare shi har ya gama. Sannan ta wanke hannu, ta cire farar rigar aiki ta rataye, ta ce mini, "Sadiya, Oga Shitu yana gari?"

Yana gari. Na so in ce ba ya nan, bakina ya ƙi.

Danfo biyu muka shiga. Mun isa Oko-Oba da la'asar, lokacin da an gama yankan rana, ana wanke jini da tiyo, hayaƙin babbakar ganda ya rufe ko'ina. Muka ratsa masu dakon nama da dillalan fata har bayan kara, kasuwar shanu, inda tireloli ke tsayawa. Shitu yana alwala. Da ya hango mu tare, sai ya ajiye butar, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya ba a wanke ba.

"Oga Shitu, wa ya ba ka ƙasan nan?"

Bai ko gwada musu ba. Ina jin wata huɗun nan jira yake a tambaye shi. Ya faɗi komai: gidan a rufe, maƙwabciya, motar kasuwa, zanen, masu lodin fenti. Ya faɗi ranar. Hawaye na bin gemunsa, yana cewa ta yafe masa don Allah. Ita kuwa tana tsaye ƙyam, hannuwanta a bayanta, tana gyaɗa kai a kan kowace magana. Da ya ambaci watan da abin ya faru, na ga leɓenta na motsi, tana ƙirga tsawon lokacin da uwarta ta yi a ƙasa ita tana nan tana waƙa.

"To," ta ce. "Na ji. Tun ranar da na sa a baki na sani, ni ne ban so in sani ba." Ta numfasa. "Amma maganan ƙofa. Kafin ya mutu ya faɗa wa matan nan, matan ya faɗa maka?"

Nan ne kaɗai muryarta ta yi rawa. Ta riga ta karɓi mutuwar, wannan ɗin take roƙo a bar mata. Na kalli Shitu ina masa alama da ido ya ce e. Ko a wannan lokacin ƙarya nake nema, kunya ba ta ishe ni ba. Shi kuwa ya gaji. Ya girgiza kai.

"Ba ta bar saƙo ba, Anti."

"To kai ina ka san da ƙofa?"

Ba ta jira amsa ba, don mutum ɗaya ta taɓa faɗa wa a duniya. Ta juyo ta dube ni. Na shirya wa mari, na shirya wa zagi, da ta yi ko ɗaya da na samu sauƙi. Kallona kawai ta yi, ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Da kin bar ni da shirun Mama, Sadiya. Shi ne nawa."

Ta koma gida ita kaɗai. Washegari ta je aiki a kan lokaci, ta gaya wa Dokta ba za a ƙara samun ƙasar ba, ta kwashe sabuwar duka ta zubar a bayan gini, ta wanke bokitan. Dokta ya nemi wani rami ya gaji, bayan shekara ya haɗa abin da ya samu ya koma Turai, aka lulluɓe na'urar da leda. Kachollom ta koma shara. Da Ista ta tafi Filato neman kabarin, ba wanda ya iya nuna mata takamaiman wurin, ta dawo bayan kwana tara.

Ba ta tashi daga gidanmu ba, ba ta kuma gaya wa kowa abin da na yi ba. Shekara shida muka ƙara ƙofa na kallon ƙofa. Kowace safiya takan gaishe ni, ta tambayi yara, in na yi ciwo ta leƙo ta ce sannu. Na nemi gafararta sau uku, kowane karo ta ce ba komai, ya wuce. Amma ba ta sake ba ni labarin komai nata ba, ko na ciwon kai, har ranar da na raka gawarta mota.